Kason Maƙwabciya

Duk wanda ya ce maka furen sarana yana da ƙamshi, to bai taɓa kai hancinsa kusa da shi ba. Baƙi ne da ɗan ja-ja a ciki, kullum kansa a sunkuye, warinsa kuwa na kifin da ya kwana uku a rana, ƙudaje kaɗai ke yi masa maraba. Amma a ƙauyenmu na bakin kogin Tigil, nan yankin Kamcatka mai tsananin sanyi, babu macen da ta taɓa toshe hanci a gabansa. Abin da ke ƙarƙashinsa muke so, farar saiwa mai 'ya'ya kamar tafarnuwa, wadda in an dafa an dama ko jinjiri ya sha sai ya yi barci lafiya. Shi ya sa da furen ya buɗe mata kan bi gaɓa suna kafa tsinke duk inda ya yi yawa, don in kaka ta zo ganye ya bushe su san inda za su tona.

A shekarar da nake ba ku labari, Lukerya matar Kuzma ta kafa tsinke ya fi arba'in, kuma ko ɗaya ba ta sake sa wa ido ba. Kogi ya cika ya batse har sau biyu, ya yi awon gaba da shingen da maza ke tare kifi, ya shimfiɗa laka a fadama iya gwiwa. Saiwar duk ta ruɓe a ƙasa. Su kansu ɓerayen fadama, waɗanda ba ma kama sunansu sai dai mu ce maƙwabta, an gan su garke guda suna iyo suna haye ruwa. Tsofaffi suka tsaya a gaɓa suna kallo, kowa ya san ruwa ba ya tsami banza.

Da manya ne kawai a gidan, da an lallaɓa. Busasshen kifi kaɗan ne, amma babba ya iya ɗaure ciki. Abin damuwar Marfa ce, 'yar Lukerya ɗaya da ta tsaya bayan biyu sun koma. Watanta goma sha huɗu. Nonon uwar ya ƙafe tun zazzaɓin da ta yi lokacin ambaliya, saniya ɗayar da ke ƙauyen ba ta da ko ɗigo sai ta haihu, ita kuma yarinyar cikinta ya ƙi kifi ƙememe. A tauna a ba ta, ta amayar. A yi romo a ɗura mata, ya bi ta ƙasa. Kunun sarana kaɗai ke zama, kuma abin da ya saura na bara a jaka bai kai na kwana goma ba.

Akwai tsohuwa Fekla a gidan, uwar Kuzma. Shekara shida ke nan da idonta ya rufe, amma bakin nan ko gezau.

"Ke, zaman me kike yi kamar an dasa ki?" in ji ta wata safiya. "Ɗauki ƙugiya ki hau tudu ki nemo rumbun maƙwabta. Ba duka suka tafi ba. Ko a cikinsu ba a rasa mai taurin kai irinki."

"Inna, su Pelageya sun tattake tudun nan kaf."

"Pelageya! Mai tafiya kamar ana jan gungume? Matso in gaya miki, don na san uwarki ba abin da ta koya miki sai kitso."

Ta damƙi hannun surukarta ta jero mata abin da kowace 'yar ƙauyen ta sani tun kafin ta yi wayo. Ba a buɗe rumbun maƙwabciya da ƙarfe, sai da ƙugiyar ƙaho. Ɗaki uku take ginawa a ƙarƙashin ciyawa ta cika da saiwa, ki kwashe biyu ki bar mata ɗaya. Ki ajiye mata ƙwan kifi da tsumma da karyayyar allura, ta san fatauci aka yi ba fashi ba. In kuwa aka yashe ta tas, takan fito ta nemi kara mai reshe biyu ta saƙala wuyanta ta mutu don baƙin ciki, kuma alhakinta ba ya tsallake gidan da ya ci.

"Na ji, Inna."

"Ji daban, riƙewa daban."

Kwana shida Lukerya tana fita tun da sassafe, tana dukan ƙasa da sanda tana kasa kunne ko za ta ji inda ta amsa kamar ganga. Ba ta samo komai ba sai tsofaffin ramuka cike da laka. Ran na huɗu ta yi kiciɓis da maƙwabciyarsu ta gaske, wato Pelageya, tana saukowa da jaka wayam a kafaɗa.

"A'a, matar Kuzma! Har yanzu ana sallama a ƙofar masu gida? Sun yi ƙaura, ko sallahu ba su bari ba!"

"Ai ke kika kore su da wannan muryar taki."

Pelageya ta ƙyalƙyale da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya cak. "Yaya jikin 'yar tawa?"

"Da sauƙi," in ji Lukerya. Su biyun sun san ba haka ba ne.

Ran na bakwai ta yi tafiyar rabin yini tana bin kogi sama, har wani tudu da ambaliya ba ta taɓa ba. Kusa da wata karkatacciyar bishiya mai farin ɓawo ƙafarta ta ɗan nutse. Ta ja da baya, ta doka sanda, ƙasa ta amsa. Ta durƙusa ta ɗage ciyawar a hankali da ƙaho, sai ga ɗaki uku cike maƙil, saiwa fara tas a jere, an kakkaɓe mata ƙasa an ware manya da ƙanana, aikin da ko mace mai tsafta ta gani sai ta ji kunya.

Ta kwashe na farko. Ta kwashe na biyu. Ta tsaya a kan na uku, wanda ya fi su girma, ta auna da ido kamar yadda kowace uwa ta iya. Biyun nan za su kai Marfa har rana ta fara tsawo. Ukun kuwa za su kai ta har ƙanƙarar kogi ta fashe, agwagin daji su dawo da ƙwai, saniya ta haihu. Tsakanin wancan da wannan akwai makonni, kuma yarinya ba ta cin makonni da haƙuri.

"Maƙwabciya, ki yi mini aikin gafara," ta ce da ramin. "Ke kina da haƙora, ko ɓawon itace kya ci. Tawa huɗu gare ta."

An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Lukerya ta yashe na ukun har ƙwaya ta ƙarshe. Ta juye duk ƙwan kifin da ta zo da shi a ciki, ta yagi gefen ɗankwalinta ta sa, ta zare lafiyayyar allurarta daga ƙirji ta ɗora, ba ma karyayyar ba. Sannan ta rufe ta juyo gida da sauri ba ta waiwaya ba.

To, an ce ido ba mudu ba amma ya san kima. Ita tsohuwa ba ta da idon, hannunta ne ya san kima. Ta ce a miƙo mata jakar, ta ɗaga sau ɗaya ta dire.

"Ɗaki nawa?"

"Biyu, Inna. Manya ne."

"Shekara hamsin ina ɗaukar jakar nan. Na ce ɗaki nawa?"

Lukerya ta hau hura wuta.

"Kin kashe ta," in ji Fekla. "Kin shiga gidan mutane kin kwashe har tsintsiya. Gobe da safe ki mayar mata da kasonta. Kai kuma kana zaune kamar turmi, ba ka ji abin da matarka ta jawo mana ba?"

Kuzma yana gefe yana ɗinkin taru. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma irin kirkin nan da ba ya tsinana komai. Ya sosa ƙeya. "To Inna, ni me zan ce? Ke da gaskiyarki, ita ma da gaskiyarta."

"Ba zan mayar ba," in ji Lukerya. "A kan ɓera zan zuba ido 'yata ta mutu?"

Jin ta kama sunan a fili, tsohuwa ta tofar da yawu gefe ta yi alamar gicciye a ƙirji.

Kwana huɗu Marfa tana shan kunu tana dukan akushi da cokali tana dariya. Ran na biyar ta tashi jiki zau kamar garwashi, ta ƙi cokali, idonta ya juye. Da Fekla ta yi faɗa, da Lukerya ta samu abin riƙewa ta rama. Amma tsohuwa ba ta yi ba. Rungume jikar tata kawai ta yi tana jijjiga ta, hawaye na bin makafin idanunta, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kwana biyu ana haka. Pelageya ta leƙo da rana, ta ja Lukerya bakin ƙofa.

"Ni fa ba na son shiga sharo ba shanu, amma gari duk ya ɗauka. Ki mayar mata mana, 'yar'uwa. In ba shi ba ne, me kika rasa? In kuwa shi ne fa?"

Wannan "in shi ne fa" ita ta karya Lukerya. Washegari ta ware kashi ɗaya cikin uku, ta saɓa, ta kama hanya. Dusar ƙanƙara ta farko ta fara sauka tsilli-tsilli. Da ta isa ta ɗage ciyawar, sai ta tarar da ƙwan kifin nan yadda ta bar shi, ko gutsura ba a yi ba. Allura tana nan, tsumma yana nan, babu sabon sawu babu sabon kashi. Zuciyarta ta gaya mata ƙarara cewa babu kowa a gidan nan. Ko ta mutu, ko ta tafi, ba mai cin wannan saiwa.

Ta daɗe a durƙushe, jaka a cinya. In ta koma da ita Marfa ta mutu da zazzaɓi, kowa zai ce ita ta kashe ta, har ita kanta. In ta zuba, ta zubar da makonnin 'yarta a rami. Ba ta san wanne ne gaskiya ba, kuma babu wanda za ta tambaya sai bishiya. Ta fashe da kuka ta juye jakar. Ta rufe, ta kafa sanda ta ɗaura mata jan ƙyalle, ta ƙirga taku bakwai daga gindin bishiyar. Abin da ta gani a ramin kuwa ba ta gaya wa kowa ba.

Ta dawo ta iske zazzaɓi ya sauka tun tsakar rana, Marfa na zaune a cinyar kakarta tana jan hancinta.

"Kun gani ko?" in ji Fekla, har da ɗaga murya don mutanen unguwa su ji. "Abin da babba ya hango!"

Ni dai ban sani ba. Zazzaɓin yara yakan zo ya tafi ba da izinin kowa ba. Amma wa ke da bakin faɗin haka a gidan Kuzma ranar? Ita kanta Lukerya ta durƙusa ta gode wa Allah, ta gode wa tsohuwa, har ta ɗan yarda.

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, dusar ƙanƙara ta rufe gidaje har rufi, sai hayaƙi ke nuna inda mutane suke. Lukerya ta riƙa tsinka kunun, yau ruwa ya ƙaru gobe saiwa ta ragu. Marfa ta koyi tsayuwa tana dafa benci, ta koyi miƙa akushi in ta ga an nufi murhu. Sai da rana ta fara tsawo jakar ta ƙare, daidai inda idon uwar ya auna tun a tudu. Kogi kuwa yana nan daskare kamar dutse. Lukerya ta bi gida-gida. Pelageya ta zazzage tata jakar ta ba ta tafi ɗaya, sauran suka nuna mata hannu. Aka sake gwada kifi, aka gwada romo, aka gwada mai. Duk ya dawo.

Da safen kwana na uku da ƙarewar kunu, Fekla ta kira su. Ta zare zoben tagullar da ke yatsanta tun ranar aurenta, da ƙyar ya fita.

"Ku je wurin maƙwabciya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ku kai mata wannan. Ku ce tsohuwa ce ke roƙo ta sam mana abin da ta rage. Ta ga ai mun mayar mata da hakkinta."

Kuzma ya ɗaura karnuka ukun da suka rage masa a keken da suke ja a kan ƙanƙara, suka bar yarinyar a hannun Pelageya. Da suka isa tudun, Lukerya ta tsaya tana waige-waige kamar baƙuwa. Babu sanda, babu jan ƙyalle, iska ta daɗe da gamawa da su. Bishiyar ta nutse har rassa, kuma da yake karkatacciya ce, inda kanta yake ba nan gindinta yake ba. Taku bakwai daga ina? Ta wane gefe?

"Nan ne," ta ce. "Ta wajen kogi. Na tabbata."

Suka haƙa dusa tsayin mutum kafin su taɓa ƙasa. Ƙasar ta ƙi ƙaho, ƙugiyar ta karye a bugu na uku. Kuzma ya ciro gatari ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Inna ta ce ba a sa ƙarfe..."

Lukerya ta fizge gatarin ta hau sara. Ta sara har tafin hannunta ya fashe, ba komai sai jijiyar ciyawa da tsakuwa. Washegari suka matsa hagu suka haƙa na biyu. Rana ta uku suka haƙa na uku. Lukerya tana sara tana kira, "Maƙwabciya! Don Allah, maƙwabciya!" Babu abin da ya amsa. Can yamma sama ta haɗe, iska ta fara kwasar dusa tana mayarwa cikin ramin, karnuka suka hau kuka.

"Tashi mu tafi," in ji Kuzma. "In guguwar nan ta same mu a nan, yarinyar ta rasa uwa da uba."

"Baban Marfa, ɗaya kawai. Rami ɗaya kawai, na roƙe ka."

Ɗaukarta ya yi cak, tana dukan bayansa da hannuwa masu jini, shi ma yana kuka. Ta jefa zoben a rami na ƙarshe, dusa ta rufe shi.

Marfa ta ƙara kwana tara. Ta rasu da hantsi, akushinta a gefenta. Bayan mako uku ƙanƙarar kogi ta fashe da ƙara kamar aradu, agwagi suka dawo, saniya ta haifi maraƙi, aka aiko wa gidan Kuzma da madara a kwano. Ba wanda ya iya sha.

Da ɗumi ya zo sarana ta fara buɗewa, Pelageya ta zo ta ja Lukerya da ƙarfi. "Tashi mu je kafa tsinke. Zaman ɗakin nan zai kashe ki, kuma ni ba ni da ƙarfin ɗaukar gawa." Fadama ba ta farfaɗo ba, fure ɗaya nan ɗaya can, don haka suka yi ta bin kogi sama. Lukerya ba ta lura da inda ƙafa ke kai su ba sai da ta hangi karkatacciyar bishiya.

Warin ne ya fara tarbarsu. Ga ramuka uku nan da ruwan sama kwance a ciki, sawun gatari bai goge ba. Tsakanin na biyu da na uku kuwa, ga sarana ta fito dunƙule guda, kai ya fi ɗari, baƙi ƙirin, a cushe yadda ba ta taɓa fitowa da kanta a daji ba. Ƙudaje sai zarya suke a kai.

"Wayyo Allah, zo ki ga arziki!" Pelageya ta kwarma ihu ta ruga da tsinke a hannu. "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa..." Ta juyo ta ga fuskar Lukerya, ta dubi ramukan, ta dubi furen. Tsinken ya faɗi daga hannunta.

Lukerya ta durƙusa a bakin rami na uku, inda ta tsaya tana roƙon a bar ta ta haƙa ɗaya. Ta dafa gwiwar hannunta a gefen ramin ta miƙa yatsu. Yatsun suka taɓa fure. Duk hunturun nan saiwar tana nan kwance, ko haƙori ɗaya bai taɓa ta ba.

Ba su kafa tsinke ba. Suka juyo gida.

Tsohuwa Fekla tana zaune a bakin ƙofa tana shan rana, ta rame ta zama kamar kara. Da Lukerya ta zo wucewa sai ta ɗaga hanci, ta kamo gefen rigarta.

"Warin sarana nake ji. An samu?"

"An samu, Inna."

"A ina?"

"A tudun maƙwabciya. Inda na zuba."

Hannun tsohuwa ya tsaya a jikin rigar. "Da yawa?"

"Zai kai yarinya har kogi ya fashe," in ji Lukerya, ta zare rigarta a hankali ta shige ɗaki.